Shekara ashirin a Sakkwato ba takarda: yadda wani ɗan kasuwar albasa daga Nijar ya daidaita zamansa

Asalin lamarin, 2001 zuwa 2019

An haifi mutumin da wannan bayani ya shafa a wani ƙauye kusa da Madawa, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Ya shigo Sakkwato a 2001 yana saurayi, ta Ƙonni da Illela, a saman lodin motar albasa. Ba wanda ya buga masa hatimi a bakin iyaka, shi ma bai nema ba. Abin da ke aljihunsa kawai katin ɗan ƙasa ne na Nijar, wanda wa'adinsa ya ƙare bayan 'yan shekaru bai sabunta ba.

Ya fara da dako da ɗinkin bakin buhu a kasuwar albasa, ya zama yaron wani dillali, daga baya ya tsaya da ƙafarsa. Yana saye a hannun manoman Wurno da Goronyo da Kware, yana lodi zuwa Legas da Anaca. Ya yi auren fari a ƙauyensu, uwargidan tana can da 'ya'ya mata biyu. A 2006 ya auri Basakkwata, 'yar wani tsohon malamin firamare, suka haifi biyar. A 2012 ya sayi fili wajen Mabera, da takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu uku, ya gina ɗakuna huɗu da zaure.

A unguwar ba mai kiransa baƙo. Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta ratsa ne ta tsakiyar dangi, Gobirawa da Adarawa a kowane gefe. Doka kuwa lissafinta daban. Yarjejeniyar 1979 ta ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza, muddin yana riƙe da ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi, amma na kwana 90 ne kawai. Wanda zai wuce haka sai ya nemi izinin zama, kuma a Najeriya hukumar shige da fice ce ke ba da katin zama na ECOWAS. Ke nan tun shekararsa ta farko zaman nasa ya fita daga ƙa'ida, ya kuma yi shekara 18 ba abin da ya tuna masa da haka.

Damar da ta wuce, Yuli 2019 zuwa Disamba 2020

A watan Yulin 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta, ya kuma ba waɗanda ke zaune ba takarda afuwar wata shida su je su yi rajista kyauta. Surukinsa ya ji sanarwar a rediyo, ya aika aka kira shi. Tsohon yana tune da 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda 'yan makonni su tattara su fice, aka kori mutane fiye da miliyan ɗaya, cikinsu har da 'yan Nijar da ya sani ido da ido. Ya ce masa ya je ya rubuta sunansa tun ana kira da lalama.

Amsar da ya bayar ita ce, “Baba, mi za ni yi da rajista? Ai ni ɗan gida na.” A ransa kuma akwai tsoro: yana ganin wanda ya kai kansa ofis ya ce shi baƙo ne, ya ba da sunansa ne ga masu kora.

A watan Agustan shekarar aka rufe iyakokin ƙasa. Shingayen bincike suka yawaita a hanyar Illela, aka fara tambayarsa takarda a inda a da sallama ke wuce da shi. Ya riƙa ba da na goro yana wucewa. Da aka buɗe Illela a ranar 16 ga Disamba 2020, tare da Seme da Maigatari da Mfum, sai ya ɗauka magana ta mutu. Wa'adin afuwar kuwa ya riga ya cika tun farkon shekarar.

Layin waya da asusun aro, Disamba 2020 zuwa Afrilu 2022

A daidai watan da aka buɗe iyaka gwamnati ta umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN ta hukumar katin ɗan ƙasa. An yi ta ɗage wa'adi, har ranar 4 ga Afrilu 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, fiye da miliyan 70. Nasa na ciki. Ga mai lodin albasa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da lambar nan direba ke kiransa in mota ta lalace a hanya, da ita 'yan kasuwar Kudu suka san shi shekara da shekaru.

Dokar hukumar katin ɗan ƙasa ta 2007 ba ta hana baƙo samun NIN ba. Baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana cikin waɗanda ake yi wa rajista, sai dai zai nuna fasfonsa da izinin zamansa. Shi ba shi da ko ɗaya. Mafitar da ya samu ita ce ƙanin matarsa, wanda dama shi ke riƙe masa littafin lissafi. Aka mayar da layin da sunan yaron, aka haɗa da lambarsa, aka kuma buɗe asusun banki da sunansa don masu biya ta taransifa. Ba a rubuta komai tsakaninsu ba. Cikin mako guda waya ta dawo aiki, kuɗi suka ci gaba da shigowa.

Takardar asali ta saye, tsakiyar 2022

Lokacin da ake rajistar masu zaɓe, kafin a rufe ta a ƙarshen Yulin 2022, wani mai kai-da-kawo a ofisoshi ya same shi a rumfa. Ya ce da naira 25,000 zai kawo masa takardar shaidar asalin wata ƙaramar hukuma ta gabashin jihar, da ita zai yi NIN a matsayin ɗan Najeriya, har da katin zaɓe. Ya biya. Bayan kwana goma takarda ta zo, da hatimi, da sunan wani ƙauye da bai taɓa takawa ba a matsayin mahaifar ubansa.

Matarsa ce ta gan ta a aljihun rigarsa ta kai wa mahaifinta. Tsohon ya ɗauke shi suka je wurin wani lauya, tsohon ɗalibinsa. Lauyan ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya tambaye shi sunan hakimin wannan ƙasa da ranar da kasuwar ƙauyen ke ci. Bai sani ba. Sannan ya ce, “Alhaji, yatsa sau ɗaya ake ɗauka. Ranar da ka ɗora shi a kan ƙarya, ƙaryar ta zama sunanka a kwamfutar gwamnati.” Ya bayyana masa cewa ba da bayanin ƙarya wurin rajista laifi ne da ake ɗauri a kansa, zaɓe kuma haƙƙin ɗan ƙasa ne kaɗai. Ya ƙara da abin da mutumin bai taɓa ji ba: 'ya'yansa biyar na Sakkwato 'yan Najeriya ne na haihuwa a ƙarƙashin sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999, domin a nan aka haife su kuma uwarsu 'yar ƙasa ce. Ba su buƙatar uba ya yi musu ƙarya. Takardar bogi a gidan ma sai dai ta jawo a yi shakkar tasu ta gaskiya.

Ya ƙona takardar a daren, kuɗinsa suka tafi. Daga baya, gab da zaɓen 2023, hukumar shige da fice ta sanar da ƙwace dubban katunan zaɓe da na shaidar ɗan ƙasa daga hannun baƙi. Duk da haka bai bi shawarar lauyan ta zuwa Nijar neman takardu ba. Dabarar ƙanin matarsa tana tafiya daidai, ga kuma hidimar kasuwa.

Rasuwa da kotu, Fabrairu zuwa Yuli 2023

Farkon 2023 ya zo da ƙarancin takardun naira saboda sauya fasalin kuɗi, a daidai lokacin da albasa ke fitowa. Kusan duk cinikin kakar ta taransifa ya shigo, cikin asusun aro. A watan Fabrairu ƙanin matarsa ya kwanta rashin lafiya na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mata da ƙananan yara biyu. A asusun akwai naira miliyan 4 da 'yan kai, mafi yawansu kuɗin manoman da suka ba da kaya bashi ne.

Da bankin ya samu labarin rasuwa ya dakatar da asusun, ya ce sai da takardar kotu. A idon banki kuɗin mamaci ne. Surukin nasa ya san gaskiya, ya faɗe ta, amma mahaifin matar mamacin ya ce shi ba zai yafe haƙƙin jikokinsa a kan maganar baka ba. Magana ta je kotun shari'ar Musulunci.

Ya shiga kotu cikinsa na kaɗawa, yana jiran a ce masa baƙo mara takarda ba shi da bakin magana. Ba a ce ba. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ba kowane mutum haƙƙin a saurare shi a yi masa adalci, bai keɓe ɗan ƙasa ba. Haka ma haƙƙin rai da mutunci da kariya daga tsarewa ba bisa ƙa'ida ba. Alƙali ya tambaye shi garinsu, ya faɗa, aka rubuta, aka wuce zuwa da'awa.

Abin da ya wahalar da shi hujja ce. Da yake akwai marayu a cikin magada, alƙali ya ce amincewar kakansu ba ta isa a fitar da dukiya daga hannunsu ba. Aka kawo littafin lissafi, mai bangon kwali da ya sha maiƙo da ƙurar kasuwa, kowane shafi da rubutun mamacin: rana, lambar mota, yawan buhu, sunan mai saye, kuɗin da aka turo. Aka nemi bayanin asusu daga banki, magatakarda ya bi layi-layi yana gwadawa da littafin. Shugaban 'yan albasa na rumfarsu da wani dillali suka ba da shaida cewa kayan nasa ne, marigayin yaronsa ne. Wasu masu saye biyu suka turo rasit daga Legas. Bayan duk wannan aka ɗora masa rantsuwar da fiƙihun Malikiyya ke ɗora wa mai da'awa a kan mamaci, cewa bai karɓi haƙƙinsa ba, bai kuma yafe ba. Ya yi alwala ya rantse.

A tsakiyar Yuli kotu ta ware abin da ya tabbata nasa ne, ta bar kimanin naira 300,000 da ba a samu madogararsu a littafi ba a cikin gado. Bai ɗaukaka ƙara ba. Ya biya manoma bayan wata biyar, uku daga cikinsu ba su sake ba shi kaya bashi ba.

Jiran iyaka, Yuli 2023 zuwa Maris 2024

Ya shirya tafiya Madawa a ƙarshen watan. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka. Masu babura suna tsallakar da mutane ta daji kullum, amma lauyan ya hana shi, ya ce amfanin tafiyar shi ne ya dawo ta ƙofa da hatimin shiga a fasfo. Ya yi wata takwas yana ciniki da asusun matarsa, wannan karon da takardar amana mai shaidu biyu. Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka a ranar 13 ga Maris 2024, Nijar ta buɗe nata gefen bayan 'yan kwanaki.

Takardu, Afrilu zuwa Satumba 2024

Ba a yi masa rajistar haihuwa ba, don haka sai da ya kai dattawa biyu na ƙauyensu kotu a Madawa suka shaida, aka ba shi takardar da ke maye gurbin ta haihuwa. Da ita ya samu shaidar zama ɗan ƙasa, da sabon kati, sannan ya wuce Yamai neman fasfo. Ya yi allurar shawara ya karɓi katinta. A watan Yuni ya shigo ta Illela, aka buga masa hatimi.

Tun kafin kwana 90 su cika ya je ofishin hukumar shige da fice na jiha da fasfo, da hotuna, da wasiƙar neman izinin zama, da wasiƙar ƙungiyar 'yan kasuwarsu mai nuna sana'arsa, surukinsa kuma ya tsaya masa. An yi masa tambayoyi masu yawa game da shekarun baya, ya amsa yadda suke. Ya biya kuɗin da aka yanka, ya karɓi rasit, katin zama ya fito. Da shi da fasfo aka yi masa NIN a matsayin baƙo mazauni, ya yi BVN, wato lambar tantancewa ta banki, ya buɗe asusu da sunansa.

Tsohon layin bai dawo ba. Yana kan sunan mamaci, kuma ba shi da hanyar nuna cewa nasa ne. Ya sayi sabo, ya bi abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya yana ba su lamba.

Gidan, ƙarshen 2024

Da ya ga takardu sun samu, sai ya ce a nema masa takardar mallakar gidansa daga gwamnati. Nan lauyan ya ce masa katin zama bai kai nan ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna amana domin amfanin 'yan Najeriya, kuma sashe na 43 na kundin tsarin mulki ɗan ƙasa ya ba haƙƙin mallakar fili a ko'ina. A 2017 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a shari'ar Gerhard Huebner, Bajamushen nan na Kajuru a jihar Kaduna, wanda ya sa fili da sunan kamfanin da yake yi wa aiki sannan ya nemi kotu ta ce nasa ne. Ya sha kaye, kotu ta kuma nuna cewa dokar ba ta ba baƙo wannan haƙƙi ba.

Aka duba hanyoyi. Kafa kamfani ya mallaki gidan ya fi ƙarfinsa. Babban ɗansa shekararsa 17, alhali sashe na 7 na dokar ya hana gwamna ba wanda bai kai 21 ba takardar mallaka sai ta hannun mai kula da shi. Saura matarsa. Ya ce to ya ba ta kyauta.

Wani malami da surukinsa ya gayyato ya ce a dakata. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta kammala sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa, kuma miji ba ya ba matarsa gidan da suke ciki ya ci gaba da zama a ce hauzi ya samu. In ya mutu a haka, gidan gado ne. Sannan malamin ya yi tambayar da ba wanda ya yi: 'ya'ya mata biyu na Madawa fa, ina rabonsu in gidan ya tafi kyauta?

Sai aka mayar da shi ciniki. Dillalai biyu suka yi wa gidan kuɗi. Matar ta sayar da shanu biyu da ta gada da wani sarƙar zinarinta ta biya kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sauran aka rubuta bashi a kanta, tana biya a hankali. In ya riga ta mutuwa, abin da ya rage na bashin ya shiga gadonsa, a raba har da na Madawa. Mai filin na asali, da mai unguwa, da wani ƙanin mutumin da ya zo daga ƙauye a madadin uwargida, duk sun sa hannu. Aka shigar da neman takardar mallaka da sunanta. Har yanzu ba ta fito ba.

Bayan Janairu 2025

Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A ranar ƙungiyar ta sanar cewa ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katunan 'yan ƙasashen uku masu tambarinta, su kuma bar musu damar shiga ba biza da zama da kafa sana'a har zuwa wata sanarwa. Katinsa yana aiki a kan wannan.

Ya tambayi lauyan hanyar zama ɗan ƙasa. Sashe na 26 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta rajista, amma bai ba mijin 'yar Najeriya ba. An kawo ƙudirin gyara wannan, Majalisar Tarayya ta kayar da shi ranar 1 ga Maris 2022. Saura sashe na 27: zaman shekara 15, halin kirki, da ra'ayin gwamnan jiha cewa jama'ar wurin sun karɓi mutum ya kuma saje da su, sannan shugaban ƙasa ya amince. Shekarun yana da su har da ƙari, karɓuwa kuma ba wanda zai yi musu. Abin da ba shi da shi shi ne takardar da za ta nuna zaman na ƙa'ida ne kafin 2024.

Abin da lamarin ya nuna

Na goro a shinge da asusun aro sun yi aiki ne saboda sun kawar da ciwon ranar, shi ya sa suka daɗe. Asusun ya fi cutar da shi, domin ya ɗauki dukiyarsa da ta manoma ya ɗora a kan ran mutum guda ba rubutu. Littafin da marigayin ya riƙe da gaskiya ne ya cece shi. Da yaron mai sakaci ne, da kotu ba ta da abin da za ta kama. Takardar saye kuwa ita ce mafi haɗari, an dai tare ta kafin ta kai gaban kwamfuta.

Abin da ya yi aiki shi ne abin da ya fi tsoro tun 2019, wato ya je ofis ya ce shi ɗan Nijar ne. Daga nan waya da banki da hanya suka buɗe masa da sunansa. A maganar gida kuma, da an saurari lauya kaɗai da an zalunci 'yan matan Madawa, da an saurari malami kaɗai da takardar gwamnati ba ta samu hanya ba. Sai da aka zaunar da su biyun a zaure ɗaya.

Ban ga laifin ƙasa ta keɓe zaɓe da mallakar fili ga 'ya'yanta ba, Nijar ma tana da nata sharuɗɗan a kan baƙi. Sashe na 26 ne ban ga hujjarsa ba. Da ƙanin matar nan ne ya auro 'yar Madawa, da tana iya neman rajista ta zama 'yar ƙasa. Ita kuwa, 'yar Sakkwato uwa da uba, ta haifa wa ƙasa 'ya'ya biyar, ba ta iya buɗe wa ubansu wannan ƙofa. A garuruwan bakin iyaka irin su Illela da Gada da Sabon Birni, inda aure ke tsallaka iyaka ta kowane gefe, gidajen da wannan ya shafa ba kaɗan ba ne.

Zamansa yanzu ya dogara ne a kan sanarwar da ake iya sauyawa duk ranar da tattaunawar ECOWAS da ƙasashen uku ta ɗauki wata hanya. Lauyan ya sa shi ya yi rajistar haraji a jiha, yana biya yana adana rasit, ya kuma ce ya kai katin sabuntawa wata biyu kafin ranar da ke rubuce a jikinsa. Ya fara tattara takardun neman izinin zama na musamman da ma'aikatar cikin gida ke ba mazajen 'yan Najeriya, abin da ya rage masa shi ne shaidar aurensu daga kotu.